Na Sayi Gidan, Ban Sayi Wutarsa Ba

Da na ajiye aikin koyarwa, abin da ya rage mini wanda za a kira dukiya shi ne shanun da na gada wajen mahaifinmu. Ba su da yawa. Suna Toranke a hannun ƙanena, shi yake kiwonsu haɗe da nasa tun rasuwar Baffa. Duk damina sai ya kira ni da kuka iri ɗaya: burtali ya ƙara matsewa, gonaki sun cinye makiyaya, 'ya'yansa kuma kowa hankalinsa yana kan makaranta ko babur, babu mai son bin saniya. A shekarar da na yi ritaya ya zo har Gaya, ya zauna a kan tabarmata ya ce, "Yaya, ni fa ƙarfina ya fara ƙarewa. In kin amince mu sayar da naki, ki zuba kuɗin a abin da ba ya neman ciyawa."

Ban ba shi amsa a ranar ba, amma maganar ta zauna mini a rai. Maigidana ya rasu da daɗewa, 'ya'yana mata suna ɗakunansu, babbar a Kano, ƙaramar a Wudil. Fansho kuwa yau ya zo, gobe ya makara. Na ga in na samu gidan haya ko ƙarami ne, zan riƙa samun na cefane ba tare da na miƙa wa surukai hannu ba. Aka kai shanun kasuwa. Ranar da ƙanena ya kawo mini kuɗin, ban iya cin abincin rana ba, don har da jikar saniyar da Inna take tatsa muna yara a cikin waɗanda aka sayar.

Wani dillali ne ya nuna mini gidan, a wani lungu da ba shi da nisa da kasuwa. Gini ne na bulo mai rufin kwano, da shago ɗaya a gaba wanda wani tela yake haya, sai ciki da falo da tsakar gida a baya. Muna tsaye a ƙofa dillalin ya ɗaga hannu sama.

"Hajiya, ɗaga kanki ki gani. Gida ne da wutarsa."

Farantan sola ne a jere a kan rufin, baƙaƙe, suna sheƙi a rana. Na ce, "Har da su a cinikin?"

"Abin da ke kan gida ai na gida ne," in ji shi. "Ko kin taɓa jin an sayar da gida an cire ƙofa?"

Muka shiga ciki. Matar da ke haya a nan ta tare mu da fara'a, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. A falonta akwai wata babbar firiza tana ta gurnani a hankali, ga robobi da ledoji an wanke an kife a kan buhu. Ƙanƙara take sayarwa, da zoɓo da kunun aya. Mijinta direba ne da ya yi hatsari a hanyar Wudil, ƙafarsa ba ta koma daidai ba, yana zaune a gida yana taya ta ƙulla leda. Da wannan firizar suke ci, da ita suke biyan haya da kuɗin makarantar yara. Ta kawo mini zoɓo mai sanyi har yana sa haƙori tsami. Na sha na ce a raina, wannan 'yar hayar ba za ta ba ni ciwon kai ba.

Aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu. Mai gidan, wani Alhaji ɗan asalin Kademi, bai samu zuwa ba, yana kwance a asibiti a Kano. Ciwon sukari ne ya kama masa ƙafa, kuma don jinyar ne ma ake sayar da gidan. Babban ɗansa ne ya tsaya a madadinsa. Aka faɗi iyakar fili, aka ƙirga ɗakuna, aka yi addu'a aka shafa. Babu wanda ya ambaci sola, ni ma ban sake tayar da zancen ba, don a ganina an riga an gama shi a ƙofar gida.

Da wata ya ƙare, mai ƙanƙara ta zo gidana da yamma. Ta gaishe ni, ta kwance bakin mayafinta ta ajiye kuɗi kashi biyu a gabana.

"Wannan na haya ne, Hajiya. Wannan kuma na sola."

"Wace sola kuma? Ba an saye ta ba?"

Ta dube ni da mamaki. "Ba a faɗa miki ba? Ai ba a gama biya ba. Duk wata ake kai wa kamfani."

Nan ta warware mini labarin. Ita ce ta roƙi Alhaji a sa solar, lokacin da man janareta ya fi ƙarfinta. Kamfanin suna bayarwa a biya da kaɗan-kaɗan, amma sun ce sai da sunan mai gida, tunda a kan rufinsa za a kafa. Alhaji ya yarda, ya ba da sunansa da lambar wayarsa, shi ya biya kafin alƙalami. Daga nan ita ta ci gaba da biyan na wata-wata, tela yana ɗan ƙara mata wani abu saboda ƙwan fitila da fankar shagonsa. In an biya, kamfani sai su turo wasu lambobi a wayar Alhaji, shi kuma ya kira ya karanto mata, ta danna su a jikin wani akwati da ke manne a bango. In ba a danna ba, akwatin ya kulle kansa, wuta ta ɗauke ko da rana tana tsakiyar kai.

"Kuma Alhaji ya yi mini alkawari," ta ce. "Ya ce ranar da aka gama biya ta zama tawa, ko tashi zan yi in tafi da abata. An ci fiye da rabi, Hajiya. Saura ba yawa."

Na kalli kuɗin. Ni da na kwana na tashi ina ganin farantan nawa ne, ga wadda ta daɗe tana biyansu da guminta a gabana. Ban ce mata dillali ya ce nawa ne ba. Na ce ta bar kuɗin, gobe zan je in ji yadda abin yake.

Wakilin kamfanin yana da ɗan shago a bakin titi, mutum ne mai sanyin magana. Ya duba a wayarsa ya ce gaskiya ne, sunan Alhaji ne a kai. Na ce to yanzu ni na sayi gidan, a mayar da shi sunana, ko a sa sunan matar da ke biya.

"Hajiya, ba a hannuna yake ba," ya ce. "Sai mai sunan ya zo da kansa da katinsa na ɗan ƙasa, ya ce ya sallama. Kowa zai iya kawo kuɗi, ba ma tambayar daga aljihun wa suka fito. Amma lamba wayarsa za ta je, kuma ranar da aka gama biya, kayan nasa ne."

"Ko da a kan rufina suke?"

"Ko a kan rufin wa suke."

Na biya, na karɓi lambar ɗan Alhaji na kira shi, don wayar mahaifin tana hannunsa. Ya karanto mini lambobin ba tare da wata gardama ba, har ya tambaye ni lafiyar gida. Haka muka yi na 'yan watanni. Na ɗauka za a lallaɓa a haka har a gama.

Na nemi dillali, na same shi a bakin kasuwa yana shan rake. Da na faɗa masa abin da na tarar, ya tofar da ɓawo ya ce shi wallahi bai san da bashi a kai ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ya riga ya ci la'adarsa. Na juya na tafi.

Sai lambobin suka fara makara. A biya yau, a kira ɗan Alhaji bai ɗauka ba, gobe waya a kashe, sai jibi ya kira ya ba da haƙuri. A irin wannan jiran ne wata rana mai ƙanƙara ta aiko in zo in gani. Na tarar an jawo firizar tsakar gida ana kwashe ruwa da kofi. Ƙanƙarar duk ta narke, kunun ayar da ta dama na kasuwa ya yi tsami, mijinta yana zaune a kan benci yana kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa a kwata. Bai ɗago ya dube ni ba sai da ya gama gaisuwa. Ya ce, "Hajiya, yanzu ke ce mai gida. Ki yi mana wani abu."

Wannan kalmar ta mai gida ta yi mini nauyi. Ina da takardar gida, ina da makullin ƙofa, amma ɗan akwatin da ke bangon gidan nawa ba ya jin maganata.

Na kira ƙanena ya zo daga Toranke, muka ɗauki shatar adaidaita sahu zuwa Kademi, don an ce an sallamo Alhaji ya koma gidan gado wajen 'yan'uwansa. Lokacin bazara ta fara kamawa, gonaki duk a bushe. A hanya na shirya maganganu masu zafi da zan faɗa wa ɗan nasa.

Aka shigar da ni ɗakin da Alhaji yake. Ɗakin ƙasa ne mai ƙaramar taga, zafi kamar an rufe tukunya. Yana kwance a kan katifa, ƙafar dama an yanke ta daga ƙasan gwiwa, an naɗe da bandeji. Wata tsohuwa, matarsa, tana yi masa fifita da mafici. A gefen ƙofa na ga tukunyar ƙasa an binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi, an rufa mata tsumma. Ina zaune tsohuwar ta ɗaga tsumman ta yayyafa ruwa, na hango 'yan kwalaben allura a ciki.

Na yi masa sannu, na faɗa masa ko ni wace ce. Ya yi murmushi ya ce, "Ke ce kika sayi gidan. Allah ya sa ki ci moriyarsa." Sai da muka ɗan taɓa hira sannan na kawo zancen sola, ina jin kunyar kaina.

"Ta yarinyar nan ce," ya ce, ba tare da ya yi wani tunani ba. "Ita ta biya. Na faɗa mata, kuma ina kan bakana. In na samu sauƙi zan zo Gaya a canja sunan."

Na ji wani sanyi a raina. Amma da na fito, ɗansa yana jirana a zaure tare da ƙanena. Mutum ne da ya kai shekara arba'in, malamin gona, idanunsa sun faɗa saboda rashin barci. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi.

"Hajiya, na ji abin da Baba ya ce miki. Ba zan ƙaryata shi ba. Amma kin ga tukunyar nan da idonki. Likita ya ce allurar in ta sha zafi ba ta aiki, kuma mun ga alama, sukarin ya ƙi sauka. Gidan da muka sayar miki, kuɗin duk sun tafi a asibiti. Abin da ya rage da sunan Baba a duniya shi ne solar nan. Shi ya biya kafin alƙalami, shi kamfani suka sani. Ina so in kwanto ta in kawo nan, in samo ƙaramin firji ko na hannu ne, ya samu fanka kuma."

Na ce, "To ita matar fa? Da ita take ciyar da 'ya'yanta."

"Na sani. Ta sha wutar ai duk tsawon lokacin nan, ba a banza ta biya ba. Ni mahaifina nake dubawa."

Duk maganganun da na shirya a hanya babu wadda ta fito. Da ban shiga ɗakin ba da na iya yi masa faɗa. Ƙanena ya ce a bari a yi shawara, kada a yanke komai cikin gaggawa. Muka hau adaidaita muka dawo Gaya.

Na koma wajen wakili na tambaye shi ko za a iya zuwa Kademi a ɗauki amincewar Alhaji a kan gadonsa. Ya ce shi ba shi da wannan ikon, sai jami'insu na Kano, zai rubuta a turo shi. Duk lokacin da na leƙa sai ya ce ana hanya.

Da na ga abin yana neman lalacewa, na kai maganar gaban mai unguwa. Ya tara mu a zaurensa bayan la'asar: ni, da mijin mai ƙanƙara da sandarsa, da ɗan Alhaji, ya kuma gayyato limamin unguwa. Kowa ya faɗi nasa. Mai unguwa ya juya wajena ya ce, "Malama, ke fa? Ke ma kina da magana, tunda rufinki ne."

Na ce ni na yafe nawa, in dai za a bar wa matar.

Liman ya yi dogon bayani. Abin da na fahimta shi ne, alkawarin Alhaji abu ne mai nauyi a wurin Allah, amma kyautar da ba a kai ga damƙa ta ba tana da rauni, balle kayan da shi kansa mai kyautar bai gama mallaka ba. Ni kuma tunda ba a ambaci sola a wurin ciniki ba, kuma akwai haƙƙin kamfani a kanta, ba za a ce kai tsaye ta shiga cikin abin da na saya ba. Ya ba da shawara a daure a gama biya tukuna, sannan a yi wa kayan kuɗi, wanda zai riƙe ya mayar wa ɗayan da nasa kason.

Shawara ce mai kyau, sai dai tana bukatar kuɗi, kuma babu mai su a cikinmu. Ɗan Alhaji ya ce ba shi da abin da zai mayar wa kowa, kuma mahaifinsa ba zai iya jiran a gama biya ba, zafin yanzu ake yi. Mijin mai ƙanƙara ya buga sandarsa a ƙasa ya ce matarsa ba za ta ƙara zuba ko kwabo a abin da za a zo a kwance a gabanta ba, sai an canja suna. Ɗan Alhaji ya ce to shi ma ba zai ƙara turo lamba ba. Mai unguwa ya yi ta ba su baki har aka kira magariba, aka tashi ba a tsayar da komai ba.

Wannan watan ni na biya daga fanshona. Na kira ɗan Alhaji na roƙe shi don girman Allah, ya turo lambar. Wata na biyu ma haka. Ina biyan kuɗin wutar da ban taɓa kunna ko ƙwai ɗaya da ita ba, alhali a nawa gidan sai wutar gwamnati ta ga dama take zuwa, 'yar fitilar caji nake lallaɓawa da ita. Babbar 'yata ta zo daga Kano ta ji labari, ranta ya ɓaci.

"Umma, haya kike karɓa ko ciyarwa kika buɗe? In an gama biya ba taki ba ce, ba ta matar ba ce. Wa kike yi wa wahala?"

Na ce ban sani ba. Abin da na sani kawai, in ban biya ba firizar za ta mutu.

"To ki ƙara mata kuɗin haya mana, ya fito ta can."

Na ce, "Daga ina za ta samo?"

Ta yi tsaki a hankali, irin wanda 'ya take yi wa uwa ba ta so a ji, ta shiga kicin. Da za ta koma ta ajiye mini kuɗi a ƙarƙashin filo, ta ce na magani ne, kada in kai wa mai sola. Na kai.

Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi aka kira ni aka ce Alhaji ya rasu. Muka je ta'aziyya Kademi ni da mai ƙanƙara. Ta yi kuka sosai, don ta ce tun da take haya bai taɓa ɗaga mata murya ba. Tukunyar allurar tana nan a gefen ƙofa, yashin ya bushe.

Na zaci rasuwar za ta sassauta maganar, tunda dalilin kai solar Kademi ya kau. Ashe ƙara ɗaurewa za ta yi. Alhaji ya bar 'ya'ya da yawa daga ɗakuna daban-daban, kuma da aka zo lissafin abin da ya bari, babu komai sai 'yar gona da wannan sola. Wasu daga cikinsu ma sai a lokacin suka ji labarinta, suka fara zargin babban wansu da cewa shi kaɗai yake son ya ci. Ya kira ni da kansa, muryarsa a dashe.

"Hajiya, yanzu ko na so in bar mata ba ni da iko. Ta zama gado. Wayar Baba ma an karɓe ta daga hannuna, tana wajen kawunmu har a yi rabo."

Na ce, "Ai mahaifinku ya faɗa a gabana cewa tata ce. Mahaifiyarka tana wurin."

"Na faɗa musu. Sun ce maganar mara lafiya ce, kuma mahaifiyata ce kaɗai ta ji, sai ke."

Wakili ya ce shi ma yanzu hannunsa a ɗaure yake, sai magada sun kawo takarda daga kotu da sunan wanda suka amince. Na samu lambar kawun na kira. Dattijo ne, ya saurare ni da kyau, ya ce shi amana aka ba shi, ba zai kunna wayar mamaci ya yi wani abu da ita ba sai an raba gado, kuma ba a raba gado cikin azumi. Ya rufe da yi mini addu'a.

Haka akwatin ya kulle a farkon azumi, a tsakiyar zafi, lokacin da duk mai firiza a Gaya yake samun cinikin da zai riƙe shi rabin shekara. Da la'asar layi ake yi a ƙofar masu ƙanƙara. Ita kuwa sai ta ɗauki kula ta je ta saro a wajen wasu, ta dawo ta sayar da 'yar riba da ba ta kai ta kawo ba, rabi ma ya narke a hanya. Ta gwada jan waya daga janaretan maƙwabci, kuɗin mai ya cinye cinikin. Duk ranar da na biya ta lungun sai in ga farantan a sama suna shan rana tun safe har yamma, lafiyarsu ƙalau, a ƙarƙashinsu kuma yara suna kwance a siminti suna fifita da kwali. Tela ya mayar da kekensa waje ƙarƙashin rumfa, ɗinkin salla ya yi masa yawa, ga shago ba ya zaunuwa.

Na je wajen mai unguwa, na koma wajen liman, na sake komawa wajen wakili har ya fara jin nauyin ganina. Kowa ya tausaya. Na shekara talatin da wani abu ina raba faɗan yara a makaranta, ina sa iyaye su zauna su fahimci juna, na saba in na yi magana a samu mafita. A wannan karon duk wanda na je wurinsa sai in tarar shi ma wani yake jira.

Bayan salla da 'yan makonni, da hantsi, tela ya kira ni ya ce in zo, ga mutanen kamfani da tsani. Kafin in iso har sun hau. Wakili yana tsaye a ƙasa, da ya gan ni ya sunkuyar da kai. Ya ce watannin da aka yi ba a biya ba sun wuce ƙa'ida, an ba da umarni daga sama a kwashe kayan.

Na ce, "In na biya duka bashin yanzu fa? Zan nemo."

"Ko kin biya, Hajiya, lambar da za a turo, wayar mamaci za ta je. Kuma an riga an rufe asusun."

"To kuɗin da baiwar Allahn nan ta zuba fa, shekara da shekaru?"

Ya ce a tsarinsu, muddin ba a kai ƙarshe ba, abin da aka biya kuɗin amfani da wuta ne, kamar haya. Ya faɗa a hankali, ba da izgili ba. Ya ƙara da cewa shi ma abin bai yi masa daɗi ba, don saura ƙiris ne.

Ana cikin sauko da farantan sai ga ɗan Alhaji a kan babur, wani ya sanar da shi. Ya sauka ya fara magana da ƙarfi, yana cewa kayan marayu ne, kafin alƙalamin mahaifinsa fa? Aka ba shi amsar da aka ba ni. Ya zo ya tsaya kusa da ni a inuwar katanga, muna kallo ana naɗe waya ana ɗora batir a bayan mota. Mai ƙanƙara ba ta fito ba. Da suka shiga cire akwatin bango, ta ɗauki ƙaramin ɗanta ta shige ɗaki ta saki labule.

Da motar ta tafi, ɗan Alhaji ya ce, "Hajiya, ki yafe mini." Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ya tsaya kamar zai shiga gidan, ya fasa, ya hau babur ɗinsa.

Ba a yi wata biyu ba mai ƙanƙara ta sayar da firizar. Ta zo ta faɗa mini za su koma Ajingi gidan iyayen mijinta, akwai ɗaki da 'yar gona. Na ce ta zauna, na ɗauke mata haya har ta farfaɗo.

"Hajiya, ba hayar ce ta kore mu ba," ta ce. "Ko kyauta kika ba mu ɗakin, me za mu ci a cikinsa? Can ko ba komai akwai dawa a rumbu."

Na raka su tasha ranar da za su tafi. Kayansu duka a bayan ƙaramar mota ɗaya suka shige, har da robobin zoɓon, ta ce wataƙila wata rana. Na ba yaran abin da ke hannuna. Mijin ya yi mini godiya mai yawa, wadda na rasa ta mece ce. Tun daga nan sau ɗaya muka yi waya, ta ce tana soya awara a ƙofar gida, ana samun na sabulu.

Da damina ta sauka aka gane inda aka kwance farantan an bar huji a kwano, ruwa yana zuba har tsakiyar falo. Na kira kafinta ya liƙe. Ɗakin ya daɗe babu kowa, sannan wani ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Gaya ya kama, shi da amaryarsa. Mutumin kirki ne, ba ya makara da haya.

Kwanan baya ya zo gidana ya gaishe ni, ya ce yana da 'yar magana. Matarsa tana da juna biyu, zafi yana damunta, yana so ya karɓi sola ta biyan wata-wata. Ya je wajen wani kamfani, sun ce sai da sa hannun mai gida. Shi zai riƙa biya, ni sunana kawai ake bukata.

Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara. Ya sake tuntuɓata sau ɗaya a waya, na ce ina nan ina tunani. Matar tasa ta kusa haihuwa yanzu, kuma har yau ban ba shi amsa ba.